Hawken ko Sharps: wacce ta fi dacewa da farautar barewa?

Na-Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana. Waɗannan bindigogin albarushi na zamanin da, da kamfanoni ke sake ƙerawa sababbi fil, irin su Hawken da Sharps da Amurkawa ke farautar barewa da su har gobe, wacce ta fi dacewa mutum ya fara sani? Kuma me ya raba su da adakar da ke hannun maharbanmu, tunda duk harbi ɗaya ne sai an sake ɗuri?

Ɗan Maƙera:
Wa'alaikumus salam. Malam Na-Kurmi, ka haɗa abu biyu da ba gida ɗaya suka fito ba. Hawken ta baki ake ɗura ta, kamar adaka. Wa da ƙani ne, Jacob da Samuel Hawken, suka riƙa ƙera ta a garin St. Louis tun wajen shekarun 1820. Ita kuwa Sharps samfurin 1874 ta gindi ake buɗe ta, a zura harsashi guda mai kwanson tagulla, a rufe. Albarushin ne kawai ya haɗa su.

Abin da ya raba su duka biyun da adaka yana cikin bututu. Cikin adaka sumul yake. Waɗannan kuwa an yanka masu layuka a murɗe daga gindi har baki, su ne ke juya darma kamar katantanwa ta tafi a miƙe. Ana auna murɗin da nisan da darma za ta yi kafin ta kammala juyi ɗaya. Juyi ɗaya a inci 60 ko 66 na dunƙulalliyar darma ne. Juyi ɗaya a inci 48, irin na Hawken ɗin da Thompson/Center suka fitar a 1970, tsaka-tsaki ne. Sharps mai cin .45-70 ta kamfanin Pedersoli juyi ɗaya take yi a inci 18, don doguwar darma mai nauyi sai da juyi mai sauri, in ba haka ba ta riƙa tuntsura gudi-gudi a iska.

Don kada mu rikice: ƙarfen da ke faɗowa ya daki hula, wato ɗan ƙoƙon da ke fashewa ya kunna albarushi, mu kira shi guduma, wanda yatsa ke ja mu bar shi a kunama.

Sarkin Baka:
Mai farawa ya fara da Hawken mai hula, faɗin baki .50 ko .54 na inci. Ga yadda ɗurinta yake ga barewa.

Albarushi da giren ake auna shi, giren 7,000 ne laba ɗaya, wato giren 80 ya ɗan haura giram 5. Kuma da mudu ake awon, ɗan bututun tagulla mai ma'auni, ba da ido ba. Mai baki .50 tana cin giren 70 zuwa 90 na FFg. Yawan harafin F shi ne laushin ƙwayar: Fg tsaki-tsaki, FFg na manyan baki, FFFg na .45 zuwa ƙasa, FFFFg gari ne da ake barbaɗawa a kaskon mai ƙyastu kawai, wato bindigar da ƙanƙara ke kunna wa wuta maimakon hula. Darmar da za ta shiga .50 faɗinta .490, nauyinta wajen giren 177, a naɗe cikin ƙyallen auduga mai kaurin .015 na inci. Ta .54 darmarta .530.

Kafin komai a zura sandar ɗuri a tabbatar babu tsohon ɗuri a ciki. A share man ajiya da busasshen ƙyalle. A ɗora hula biyu ko uku a fasa su haka nan ba albarushi, bakin bindiga na kallon ciyawa. In ciyawar ta motsa, hanyar wuta a buɗe take. Sai a mayar da guduma rabin ɗani, a tsiyaya albarushi daga gora zuwa mudu, daga mudu zuwa bututu, a ɗan bubbuga gefen bindigar da tafin hannu don ya gangara ƙarƙashin hancin da ake ɗora hula. A shimfiɗa ƙyalle mai maiƙo a baki, a ɗora darma, cibiyarta, wato ɗan tabon da zubi ya bari, na kallon sama, a tura ta da gajeren turmi, wato 'yar guntuwar sandar fara turawa, sannan a bi da sanda kaɗan-kaɗan, ana kama ta kamar taƙi ɗaya sama da baki. Mai kama sanda daga can ƙarshe zai karya ta, tsinin ya shige masa tafin hannu. Hula ita ce ta ƙarshe, sai an isa inda za a yi kwanto.

Ummu Sadik:
Baba Sarkin Baka, me ya sa sai an bi ta mudu? In gorar na da bakin da ke auna daidai, ba sai a juye kai tsaye a huta ba?

Sarkin Baka:
'Yata, saboda garwashi. Bayan harbi, wani ɗan burbushin ƙyalle ko toka na iya saura yana ci a gindin bututu. In giren 80 ya kama a lokacin zubawa, gira da yatsu za su sha wuta, a yi jinya a warke. In gora ce mai rabin laba a bakin bindigar, ita ce za ta tashi a hannun mutum gaban fuskarsa. Shi ya sa kuma ba a leƙa baki, ba a ɗora tafin hannu a kan sanda.

Mai Darma:
Ranka ya daɗe ka tsallake abu guda, kuma shi ne ya fi kumbura bututu: darmar da ba ta zauna kan albarushi ba. In an bar fili tsakaninsu, ko don datti ya riƙe ta a tsakiya, ko don an tura da gajeren turmi an manta da sanda, darmar ta zama toshiya. Bututun ya kumbura a daidai wurin kamar macijin da ya haɗiye ƙwai, wani lokaci ya tsage. Maganinsa: ranar da aka yi ɗuri mai kyau a bututu mai tsabta, a bar sandar a ciki a zana mata layi daidai baki. Daga nan kowane ɗuri sai layin ya zo wurinsa. In ya tsaya sama da faɗin yatsa, ko darma ba ta kai ba, ko an yi ɗuri biyu.

Sannan ni ban yarda a fara da dunƙulalliyar darma ba. Tana fita da gudun ƙafa 1,800 a daƙiƙa, amma kafin ta kai yadi 100 ta sauko kusa da 1,100. Iskar gefe mai mil 10 a awa tana kauce da ita kusan taƙi guda a wannan nisan. Sharps fa? Sunan harsashin ma ya faɗi komai: .45-70-405, faɗi .45, albarushi giren 70, darma giren 405. Sojan Amurka suka karɓe shi a 1873. Yana fita da wajen 1,300, a yadi 200 bai sauka ƙasa da 1,000 ba, kuma nauyinsa ya ninka na dunƙulen sau biyu da ɗoriya. Abin da ya kayar da ɓaunan Amurka ba barewa ce za ta gagare shi ba.

Sarkin Baka:
Malam Mai Darma, ƙarfi ban musa maka ba. Amma faɗa wa jama'a inda darmar taka ke sauka. In an daidaita saiti a yadi 100, a yadi 150 ta faɗo kusan inci 9, a 200 ta faɗo wajen inci 24. Tsakanin 175 da 200 kaɗai akwai kusan inci 9. Wurin huhu da zuciyar barewa duka-duka inci 8 ne zuwa 10. Ke nan wanda ya yi kuskuren yadi 25 a ƙiyasinsa ya karya mata ƙafa ko ya wuce ta sama. Wane ne ke raba 175 da 200 da ido, da duku-duku, cikin hazo? Ƙarshenta mai Sharps mai hankali a yadi 125 zuwa 150 yake tsayawa, mai Hawken a 75 zuwa 100. Ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Mai Darma:
To Billy Dixon, maharbin ɓaunan nan, fa? A Adobe Walls ta jihar Texas, watan Yunin 1874, da Sharps ya kayar da mahayin doki a nisan da aka ce ya kai yadi 1,538.

Yaya Babba:
Shi da kansa ya ce dace ne. Kuma yaƙi ake, ba farauta ba, in ya kuskure babu dabbar da za ta tafi da rauni ta mutu a ƙaya. Masu kashe ɓauna na wancan zamanin ma ba a tsaye suke harbi ba. Bindigarsu kan kai laba 12 zuwa 16, su zauna su ɗora ta kan sanduna biyu da aka gicciye, su yi ta ɗauke garke ɗaya bayan ɗaya. Haka suka mai da miliyoyin ɓauna ƙasa da dubu a daji kafin 1890. Ba abin koyi ba ne.

Akwai kuma maganar doka da ta fi duk wannan yanke hukunci a can. Yawancin jihohin Amurka na ware wa masu ɗuri ta baki lokacin farauta nasu daban, kuma Sharps mai kwanso ba ta shiga, sai ta jira lokacin kowa da kowa. Mississippi da Louisiana ne suka sassauta, suka yarda da mai harsashi guda mai gudumar waje, faɗin .35 zuwa sama. Pennsylvania tun 1974 tana da lokacin da mai ƙyastu kaɗai ke fita, bayan Kirsimeti. Colorado ta hana ɗora madubin hangen nesa a lokacin masu ɗuri. California kuwa tun Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin da aka yi da ƙarfen darma gaba ɗaya. Saboda haka mafi yawan masu sayen Hawken ƙarin kwanakin daji suke saye.

Na-Kurmi:
Na gode ƙwarai. To wannan awon giren 80 zai yi wa adakar gida?

Ɗan Maƙera:
A'a, Malam, kar ma a fara. Waɗannan alƙaluma na bututun da aka fafe daga ƙarfe guda ne. Na Italiya, irin su Pedersoli da ke Gardone Val Trompia, sai sun bi ta gidan gwaji na gwamnati an harba su da ɗurin da ya wuce ƙa'ida, an buga masu hatimi, kafin su fita kasuwa. Adakar da aka yi da bututun ruwa mai ɗinki a gefe ba wanda ya san iyakarta. Kuma ko a kan na kamfanin, iyakar da aka rubuta a littafin bindigar ita ce magana.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a farke harsashin zamani a juye albarushinsa marar hayaƙi a bindigar ɗuri. Launinsa na iya zama baƙi, amma ba abu ɗaya ba ne. Matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, awon mudu ɗaya ya isa ya tarwatsa gindin bindiga. Ko a cikin masu kwanso akwai hawa-hawa: littattafan ɗurin .45-70 sun kasa shi gida uku, mafi rauni na bindigar Trapdoor Springfield, na tsakiya na bindigar Marlin, mafi ƙarfi na bindigar Ruger No. 1. Wanda ya zura na ukun a ta farkon ya ɗauko wa kansa.

Game da doka a Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin ɗuri a rukuninsu daban, kuma maganar lasisinsu ta kwamishinan 'yan sandan jiha take bi.

Mai Darma:
Bari in ba Sharps haƙƙinta tunda an taru mata. Wahalarta a gida ake shan ta, a daji sai zurawa kawai. Kwanson yanzu gindinsa ya fi na da kauri, don haka giren 70 ba ya shiga cikin sauƙi, 60 zuwa 65 ne aka fi samu. Ana tsiyaya albarushin a hankali ta dogon bututu mai inci 24 zuwa 30 don ƙwayoyin su jeru su zauna. A ɗora faifan kwali mai kaurin .030 ko .060, a danne da maɓalli na musamman, ba da darmar ba, don darma mai laushi ce, za ta lotse. Haɗinta kashi 20 ko 30 na darma ga kashi 1 na kuza, faɗi .458 ko .459. Sannan a zaunar da ita dam a kan kwalin. Dokar nan ta fili tana nan: babu iska tsakanin albarushi da darma.

Kuskuren da sababbi ke yi da Sharps shi ne sauke hannun buɗewa alhali guduma na kwance kan allurar da ke dukan hular harsashi. Allurar na nan a cuse cikin hular harsashi, tubalin ƙarfen da ke rufe gindin bututu ya ja ta ƙasa, tsininta ya karye. Kullum a fara ja da guduma rabin ɗani, sannan a buɗe. Mai kunama biyu kuma, ta baya ɗana ta gaba take yi, bayan nan ɗan shafa ya isa ta tashi. Da safar hannu a lokacin sanyi wannan hatsari ne, gara a harba da ta gaba ita kaɗai ba a ɗana ba.

Yaya Babba:
Ɗan ƙarin tarihi tunda an zo masu buɗewa ta gindi. Ƙanwar Sharps a wannan fage ita ce Remington Rolling Block, ita ma ana sake ƙera ta. Ita ce sojan Masar suka riƙe, kuma dubbanta suka faɗa hannun mutanen Mahadi a Sudan bayan sun murƙushe rundunar Masar da Baturen Ingila Hicks ke jagoranta a 1883. Ƙanƙarar da ake ɗaura wa mai ƙyastu kuwa, garin Brandon na Ingila ya daɗe yana fasa ta yana aikowa Afirka har cikin ƙarni na 20.

Ummu Sadik:
Ni abin da ban gane ba shi ne dattin da kuke ta ambata. Harbi ɗaya ne fa a farauta. Ina ruwan mai harbi ɗaya da datti?

Sarkin Baka:
Tambayar da ta fi kowacce ke nan. Fiye da rabin abin da baƙin albarushi ke bari in ya ƙone ba iskar gas ba ce, toka ce mai ƙarfi. Tana canja yadda darma ke bin bututu. Mutum ya je filin gwaji ya yi harbi goma, ya daidaita saiti a kan na bakwai da na takwas, ya koma gida ya wanke bindiga tas. Ranar farauta harbinsa na farko daga bututu mai tsabta mai sanyi zai fita, kuma sau da yawa ba inda na takwas ya sauka yake sauka ba. Don haka saitin farauta a kan harbin farko ake yin sa: a harba, a share bututu sosai, a bar shi ya huce, a sake. Harbi biyar a haka sun fi hamsin a jere.

A kuma tsinci ƙyallayen da suka faɗi, suna nan kamar yadi 10 zuwa 15 gaban mai harbi. Mai kyau za a gan shi da baƙin zobe a tsakiya, gefensa ya ɗan tsefe, har kamar a sake amfani da shi. In ya huje ko ya ƙone, ko dai ya yi siriri, ko maiƙo ya yi kaɗan, ko bakin layukan na da kaifi. Yadin roba narkewa yake, sai auduga zalla ko lilin.

Ɗan Maƙera:
Maiƙon ma akwai magana. Duk man da aka samo daga fetur in ya haɗu da tokar albarushi kwalta yake zama. Abin da ke aiki shi ne kakin zuma da aka narka da kitsen rago marar gishiri ko man zaitun, a ƙara kaki lokacin zafi, a rage lokacin sanyi. Miyau na yi a filin gwaji inda za a harba nan take, amma ɗurin da zai wuni a ciki miyau bushewa yake, ya bar zoben tsatsa daidai inda darma ta zauna. Masu Sharps kuma a busasshen yanayi, irin iskar hunturunmu, tokar kan ƙanƙame ta yi tauri, shi ya sa suke hura numfashi ta ɗan tiyo daga gindi sau uku ko huɗu tsakanin harbi, danshin ya tausasa ta.

Wanki kuwa a ranar ake yi, ba gobe ba, domin tokar na jan danshi. A cire bututun Hawken, a kwance hanci, a tsoma gindin a bokitin ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a yi ta famfo da sanda da ƙyalle har ruwan ya fito fari. A busar, a shafa mai. Kwanson Sharps ma a cire tsohuwar hula a jefa su cikin ruwan sabulu, in ba haka ba su yi kore su ci.

Mai Darma:
Wanda bai samu baƙin albarushi na ainihi ba, irin su Goex ko Swiss ko Schuetzen, ai akwai madadinsa, Pyrodex da Triple Seven.

Ɗan Maƙera:
Akwai, da sharaɗi. Da mudu ake auna su, ba da sikeli ba, don sun fi baƙin albarushi rashin nauyi. Triple Seven ya fi ƙarfi, ana rage kamar kashi 15 cikin ɗari. Duka biyun sun fi wuyar kamawa, saboda haka a mai ƙyastu ba sa yi, a mai hula lamba 11 ma su ne suka fi kawo jinkirin tashi da sanyin safiya. Kuma kar a ce ba sa sa tsatsa, Pyrodex na sawa sosai.

Sarkin Baka:
Jinkirin tashi shi ne inda ake rasa ido. Hula ta fashe, bindiga ta yi shiru, mutum ya sauke ta ya juyo da ita yana dubawa, sai ta tashi. A bar ta a kafaɗa tana kallon inda aka nufa, minti guda cur. Sannan a cire tsohuwar hula, a sake danna darma da sanda don hular farko kan ɗaga ta daga kan albarushi, a tsokaci hanci da siririyar waya, a sa sabuwa. In ta ƙi sau uku, a kashe albarushin da ruwa a zaro darmar da sukurun da ake ɗaura wa sanda. Sababin kusan kullum ɗaya ne cikin biyu: man ajiya da ya taru a gindi, ko raɓa. Bindigar da ta wuni cikin sanyi in aka shigar da ita ɗaki mai ɗumi gumi take yi har ciki, gara a cire hula a bar ta a wuri mai sanyi a kulle. Da ruwan sama ana liƙe baki da salatif, iskar da ke gaban darma ce ke fasa shi. Masu ƙyastu na rufe kasko da wata fata mai maiƙo da suke kira gwiwar saniya.

Na-Kurmi:
To an harba, hayaƙi ya rufe gaba. Sai me?

Sarkin Baka:
Sai kunne, don ido ba shi da aiki na ɗan lokaci, musamman in ba iska. A saurari inda ta nufa da inda ƙarar karyewar itace ta tsaya. Kar a taka ko'ina sai an sake ɗuri a tsaye a wurin, an kuma sa alama a inda aka tsaya da inda take. A ba ta kamar rabin awa. Dunƙulalliyar darma mai laushi tana bajewa kamar kwabo, sau da yawa a same ta ƙarƙashin fatar ɗaya gefen ba ta fita ba, don haka jini a ƙasa kaɗan ne, sai an bi sawu da haƙuri. Shi ya sa da ita ba a harbin ƙashin kafaɗa ko dabbar da ta ba da baya, sai ta ba da gefe, a nufi bayan kafaɗa kaɗan. Ga Musulmi kuma bisimilla lokacin jan kunama, wuƙa a kusa, in an tarar da sauran rai a yanka.

Mai Darma:
A nan dai Sharps ta ci. Giren 405 shiga take ta fita, jini ta gefe biyu, kuma harsashi na biyu na cikin bindiga kafin hayaƙi ya washe.

Sarkin Baka:
Wannan na ba ka. Amma ka ɗauki laba 11 ka hau dutse da ita tun asuba, mu haɗu da azahar ka maimaita.

Ummu Sadik:
Baba, in an wuni ba a harba ba fa, ɗurin zai kwana a ciki?

Sarkin Baka:
In ranar a bushe take kuma ƙyallen na kitse ne, zai iya kwana. A cire hula, a sa ɗan guntun fata a kan hanci a kwantar da guduma a kai, a ɗaura jan ƙyalle a jikin kunama don duk wanda ya gani ya san akwai ɗuri. In an sha ruwa ko hazo mai nauyi, a sauke shi a gindin tudu kafin a bar daji, a wanke, gobe a yi sabo.